Ruwan Famfo

Kwamfutar ta sake mutuwa da ƙarfe goma sha ɗaya, karo na uku ke nan. Ƙarfe huɗu aka ba Injiniya ta tura zanen ginin da ta shafe wata biyar a kai, in ta wuce lokaci a miƙa wa wani aikin.

Ta taɓa akwatin kwamfutar, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Irin wadda ruwa ke sanyayawa ce, wani ɗan famfo ke zagayawa da shi cikin siraran tiyo. Yau famfon kakari yake yi kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a wuya.

Ta zare wuta, ta kwance murfi, ta tsiyaye ruwan cikin roba. Kore shar. Har da gansakuka, kaɗan ya rage a ga kwaɗo.

"Yaya!"

Yayanta ya leƙo riƙe da jarida. Tun da ya yi ritaya ya naɗa kansa mai kula da ofishinta, ba wanda ya roƙe shi, ba kuma mai iya sauke shi.

"Da na yi tafiya na ce maka a waya ka ƙara wa injin nan ruwa. Me ka zuba?"

"Abin da kika ce. Ruwan famfo."

"Ruwan famfon na ce! Na famfon kwamfuta! Tataccen nan na cikin farar jarka!"

"To, Auta, harafi ɗaya ne tsakani. Waya ce ta cinye shi." Ya gyara tabarau. "Kuma ruwan nan shi muke sha, ga mu da ranmu. Ita 'yar gidan uban wa ce?"

Kalmomi sun kai bakwai a bakinta, babu ko ɗaya da ake faɗa wa wanda ya goya ka. Sai ta huce a kan famfon. Ta kwance kusoshinsa huɗu, ta zaro 'yar farfelar da ke ciki. Farin datti ya daskare a jikinta, yauƙi ya cike wurin da take juyawa. Ta ɗauki tsohon burushin haƙori ta shiga dirza.

"A hankali, kar ki karya."

"Na gode, Yaya," ta ce ta cikin haƙora.

"Da kin diga masa ɗan man inji."

Ta bi ƙananan ramukan da tsinke, ta ɗauraye tiyo, ta duba zoben roba ko ya tsage, ta mayar da komai mazauninsa. Ƙarfe uku saura. Ta miƙa hannu bayan kabad don ɗauko farar jarka. Wayam.

"Ina jarkar?"

Yaya ya duƙufa kan jarida kamar an buga sunansa a ciki.

"Yaya."

"Gani na yi tana zaune ba aikin fari ba na baƙi, batirin motata kuma yana jin ƙishi. Ai ba a zuba wa batir ruwan famfo, lalacewa yake yi. Kowa ya san wannan."

Ta dube shi. Shi kansa ya ji abin da ya faɗa, sai ya yi tari.

"Akwai saura a but ɗin mota," ya ce. "Kusan rabi."

Mabuɗin motar yana aljihunsa, bai kuma motsa ba. Ta san abin da yake jira.

"Don Allah, Yaya."

Sai ya je ya ɗauko jarkar, rabin ya isa da kyar. Ta karkata akwatin iska ta fice, ta shimfiɗa takarda a ƙasa ta ga ba yoyo, ta kunna. Famfon ya ɗauka da ɗan gurnaninsa na da. Zanen ya tafi ƙarfe huɗu saura minti shida.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Da ban ajiye miki shi a mota ba, da yanzu wani zance ake."

Ta ɗauki alƙalami ta rubuta a jikin jarkar da manyan baƙaƙe: GUBA.