Tantabarun Sajan Ajimi

A unguwar Gwange kowa da abin da yake faɗa kan Sajan Ajimi. Mai shayin bakin layi ya ce bai taɓa ganin ya zauna ba tare da ya jingina bayansa da bango ba. Waɗanda suka yi soja da shi sun ce da surutunsa ya tafi yaƙin Laberiya, ya dawo babu. Matan unguwa kuwa maganarsu ɗaya ce: matarsa, Ya Kellu, ta yi haƙuri da tantabarun nan nasa.

Tun da ya yi ritaya ya haɗa musu ɗaki a bayan gida da katako da tsofaffin gwangwanaye. Ba ya sayarwa, ba ya yankawa. Da la'asar sai ya buɗe musu su tashi, ya tsaya hannuwa a baya yana kallon sama, kuma ba ya taɓa tuwon dare sai ta ƙarshe ta sauko.

Ta kan katanga maƙwabta ke jin faɗan, kusan kullum.

"Sajan, sojojinka sun sake ɓata min shanya."

"Wacce daga ciki?"

"Na tsaya tambayarta suna ne? Wata rana zan yi farfesu da su, in ba ka romon."

"Kellu, wadda ba ta iya kama kaza ba?"

Haka suka yi shekaru, har Allah ya karɓi ransa bayan gajeriyar jinya.

Babagana, ɗansu ɗaya, ya taso daga Damaturu inda yake aiki, shi ya tsaya kan komai. Ranar sadakar uku Pindar ya zo gaisuwa, wani tsohon soja daga unguwar Lamisula da suka yi aiki tare da marigayin, shi ma mai kiwon tantabaru. Babagana ya ja shi gefe.

"Baba Pindar, ka kwashe su duka. Iya ta sha wahalarsu, gara ta yi takabarta cikin natsuwa."

Aka zuba su a kwanduna aka fita da su ta ƙofar baya. A lokacin Kellu na ɗaki, mata sun kewaye ta.

Da la'asar, da mutane suka ragu, ta fito da kwanon gero a hannu. Ta tarar da ƙofar ɗakin tantabarun a buɗe, an share wurin tas har an yayyafa ruwa. Ta daɗe a tsaye kafin ta kira ɗanta.

"Ina suke?"

"Na ba Baba Pindar. Kin huta, Iya."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Tun ina yaro nake jin kina cewa za ki yanka su."

"Ka taɓa ganin na yanka ko ɗaya?"

Ta ajiye kwanon a kan turmi, ta zauna a bakin tabarma.

"Kana ƙarami lokacin da ya dawo daga Laberiya, ba za ka tuna ba. Sai ya yi mako bai ce uffan ba. In gaishe shi, ya ɗaga kai. In tambaye shi me zai ci, ya kalli bango. Ranar da wata tantabararsa ta yi min kashi a zane na yi masifa, sai na ji ya amsa. Har da dariya. Daga nan na gane in ina son jin muryar mijina, sai na tsokani tsuntsayensa." Ta gyara mayafinta. "Ai ni nake sayo geron."

Babagana ya kau da kai.

"Iya, kyauta ce na riga na yi, a gaban mutane. Ta yaya zan je wa dattijo in ce ya dawo da ita?"

"Da ba takaba nake ba, da ƙafata zan je Lamisula. Ba na jin kunyar Pindar."

Bai je ba ranar. Ya ce bari a kwana, zuciyarta za ta sauka. Washegari da la'asar ya ga ta sake fitowa ta tsaya a tsakar gida tana kallon sama. Tuwon da aka kai mata ya kwana a rufe. Da safe ya tari Keke Napep.

Ya sami Pindar a ƙofar gida yana wanke kwanon ruwan tsuntsaye. Babagana ya yi ta kewaye-kewaye, tsohon ya bar shi har ya kai ƙarshe.

"Ɗana, ai ba kyautar ce matsala ba. Da a ranar ka dawo." Ya share hannu a riga. "Tantabarar da ta saba da gida, in ka sake ta komawa take yi. Don haka duk wanda ya karɓi sababbi, fiffike yake fara rage musu. Jiya da safe na bi su da almakashi."

"Duka?"

"Duka."

Suna mayar da su kwanduna Pindar ya ce, "Ka san me ya sa mahaifinka ba ya cin abinci sai sun dawo? A can Laberiya, shi ke tsayawa a bakin sansani in an fita sintiri. Wata rana ya tsaya har gari ya waye, ba wanda ya dawo. Yaransa ne, shi ya zaɓe su da bakinsa." Ya ɗaure murfin kwandon. "Ban taɓa jin ya ba wani labarin ba. Ni ma don ina wurin ne."

Da ya iso gida, Babagana ya buɗe kwandunan a tsakar gida. Tantabarun suka fito suna tafiya a ƙasa kamar kaji. Wata fara ta buga fiffike, ta ɗan ɗaga, ta faɗo kusa da turmi. Ta sake gwadawa.

Kellu ta sunkuya ta ɗauke ta. Ta ware fiffiken a hankali, ta bi inda almakashi ya wuce da yatsa.

"Wannan ce ke riga kowa tashi," in ji ta. "Yaushe za su iya?"

"Baba Pindar ya ce sai sun sake gashi. Zai ɗauki watanni."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗebi gero ta watsa, suka taru a ƙafafunta suna ci. Babagana ya tsaya da murfin kwando a hannu. Ya fara cewa shi dai sauƙi ya nema mata, sai ya fasa. Ya ajiye murfin, ya cire takalmansa, ya durƙusa a gabanta tsakanin tsuntsayen.

"Iya, ban tambaye ki ba. Na yi laifi. Ki yafe min."