Wayar da Aka Binne a Gonar Citta

Faustina Kumai ce ke tsara layukan intanet na ma'aikatun gwamnati da wata jami'a a Kafanchan. Sau uku tana gargaɗin manyanta na Kaduna kada a binne waya a gefen hanyar Kwoi, domin manoman citta har bakin kwalta suke nomawa. Su kuwa da rani suka zo, suka ga fili fayau, suka sa hannu.

Ranar jarrabawar ɗalibai a kwamfuta, layi ya mutu, sai ta bi hanyar Kwoi tana neman inda wayar ta yanke. Ta tarar da wani manomi, Baba Ishmael, riƙe da garma da guntun wayar.

"'Yata, wannan saiwar wace bishiya ce?"

Ta karɓi guntun wayar, ta dubi hanya. Gonaki ne jere har Kwoi, damina yanzu ta fara, kuma ta san ita za a kora, ba masu sa hannun ba.