Cokalin Enoch Tattersall

Shekara goma sha ɗaya Remi Callewaert ya yi yana yawo da na'urar gano ƙarfe a gonakin da ke kewaye da garin Ieper, tsohon fagen yaƙin duniya na farko, tun ranar da ya ajiye aikin raba wasiƙu. Abin da ya tono a tsawon wannan lokaci ya cika garejinsa har mota ta koma zaman waje: ƙusoshi, takalman dawaki, ɓaraguzan harsasan igwa, da maɓallan da tsatsa ta cinye rubutunsu. Matarsa Godelieve tana kiran wurin gidan tarihi. Duk baƙon da ya zo sai ta faɗa masa shiga kyauta ce, fita ce ke da wuya, don Remi ba ya sakin mutum sai ya ba shi tarihin kowace ƙusa.

Wata Talata, bayan an cire dankali, na'urar ta yi ƙara a gonar wani manomi da ake kira Achiel. Remi ya durƙusa cikin taɓo ya haƙa, ya zaro cokali. Da ya goge mariƙinsa da babban yatsa sai ga lambobi biyar da haruffan wata bataliya ta Ingila, an buga su da guduma. Sojojin yaƙin duniya na farko sukan buga lambarsu a cokali, kuma lamba tana kai mutum ga suna.

"Cokali," in ji Godelieve da ya ajiye mata shi a teburin kicin. "Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Muna da ashirin da huɗu a cikin durowa, amma dai babu mai laka."

"Mutum ne wannan, Lieve. Mutum ne sukutum."

"To ka ce wa mutumin ya sauka daga kan zanen teburina."

Wata uku ya yi a gaban kwamfuta da ɗakin ajiyar takardun gari. Lambar ta Enoch Tattersall ce, ɗan shekara ashirin da biyu, masaƙi daga yankin Lancashire na Ingila. Rukunin sojojinsu ya kai hari ta daidai gonar Achiel a watan Oktoba na 1917, mutum ɗari da ɗoriya suka fita, goma sha tara suka dawo. Takardun Enoch na aikin soja sun ƙone tuntuni. Remi ya duba kaburbura bai ga sunansa ba. Ya je bangon da aka rubuta sunayen waɗanda suka ɓace, ya bi shi layi-layi har wuyansa ya ƙage, nan ma babu. Da wani ne, da ya tsaya ya yi tunani. Remi kuwa nan take ya gane gaskiyar da ta kuɓuce wa masana tarihi shekara ɗari: jarumi ne ya faɗi a fagen fama aka manta da shi.

Ya kai maganar ƙungiyar tarihi ta ƙauyensu. Shugabanta Gaston Maes, tsohon malamin makaranta wanda bai taɓa tono ko maɓalli ba amma ya san yadda ake tsayuwa a gaban kyamara, ya ce lallai a yi taro. Aka tanadi furanni da mai busa ƙaho. Remi ya rubuta jawabi shafi huɗu, ya karanta wa Godelieve sau uku, a na ukun ta kunna injin wanki.

Ya kuma gano jikar mamacin, Maureen, a wani shafin intanet na binciken zuri'a. Bai tsaya lissafin yadda saurayin da ya mutu ba aure ya samu jika ba, ya ɗauka ta wajen wani ɗan'uwa ce. Ya aika mata doguwar wasiƙa da Turancinsa na talabijin. Amsarta layi ɗaya ce: tana zuwa, kuma a riƙe mata cokalin nan da kyau.

Ranar taro aka wayi gari da yayyafi. Mutum talatin suka jeru a bakin gona da laimomi. Maureen ta sauko daga tasi, gajeriyar tsohuwa mai jan takalmin roba da sanda. Remi ya buɗe takardarsa ya fara. Ya kai wurin da Enoch ya faɗi yana kallon sama, sunan mahaifiyarsa a bakinsa, sai ya ga kafaɗun tsohuwar suna girgiza. Ya ji daɗi a ransa, jawabin ya ratsa ta. Da ya ƙara dubawa ya ga dariya take yi.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," in ji ta tana share ido. "Kakana a 1981 ya mutu, a kujera, yana zagin gwamnati. Ni na rufe masa ido."

Mai ƙaho ya sauke ƙahonsa a hankali. Gaston ya ja baya taku biyu, kamar yau ya fara ganin Remi.

Maureen ta karɓi cokalin ta jujjuya shi. Ta ce labarinsa ba wanda bai haddace ba a gidansu, don duk Kirsimeti sai tsohon ya maimaita. Kwana biyu kafin harin aka sace masa cokali. Ya zargi wani kofur, gardama ta yi zafi, ya fasa masa baki, aka kulle shi. Ana gobe za a fita, amininsa Wilf Hebden, wanda suka taso layi ɗaya, ya leƙo ta tagar ɗakin da aka tsare shi, ya ɗaga masa cokalin yana dariya. Ya ce nasa ne ya faɗa shadda, aro ya yi, in sun dawo zai mayar.

"Bai dawo ba," in ji ta. "Har kakana ya mutu ɓarawon cokali yake kiransa. Amma sunan babana Wilf."

Remi ya tsaya da takardarsa tana jiƙewa a hannu. Kunyar da ta rufe shi ɗazu ta fara janyewa, wani abu mai nauyi ya maye gurbinta. Ya tuna sunan Hebden. Ya gan shi a bangon nan lokacin da yake neman Tattersall, ya wuce shi kamar sauran dubbai. Ya juya ya kalli tsakiyar gonar, inda ya kafa ɗan sanda ranar da ya yi tonon. In dai cokalin a hannun Wilf yake, to Wilf ma yana nan ƙasa.

"Achiel," ya ce. "Kada ka sa garma a wurin nan."

"Na ji," in ji manomin. "Dankali zai jira. Ai Wilf ma ya jira."

Remi ya sanar da hukuma. Da ƙasa ta bushe masu binciken hukumar suka zo, suka kewaye wurin da igiya, suka hana shi kansa tsallakawa, shi da ya nuna musu. Ƙasa da inda na'urarsa ke iya ji suka tarar da takalma, maɓallan bataliyar, da ƙasusuwan mutum biyu. Jaridar yankin ta buga labarin da hoton Gaston yana nuna rami da yatsa. A sakin layi na ƙarshe aka ambaci wani mazaunin ƙauyen da ya taimaka.

"Wani mazaunin ƙauyen," in ji Godelieve tana yanke shafin da almakashi. "Ashe babban mutum na aura." Amma ta sa shi a firam, kuma tun daga ranar ita ke gyara masa wasiƙunsa.

Masu binciken sun ce ba za a sa suna a kabari ba sai an samu wani daga jinin Hebden a gwada yawunsa da ƙasusuwan. Remi ya aika wasiƙa goma sha huɗu. Goma sha uku ba su amsa ba. Ta ƙarshe ta faɗa hannun wata dattijuwa mai suna Doreen a garin Burnley na Ingila, jikar ƙanwar Wilf, ta bugo waya suna cin abincin rana. Ta tambaya ko akwai wani abu da ya bari. Remi ya ce babu, sai cokali ɗaya, shi ma ba nasa ba ne, ɗauka ya yi.



"Ɗauka ya yi?" in ji ta. "To a turo abin gwajin in tofa. Amma ina faɗa maka tun yanzu, mai wannan halin namu ne."