Ina Ganinka

Babana Dabo sojan sama ne da bai taɓa tashi sama ba. A Sudan, lokacin yaƙi, su shida ne a ɗakin radar, suna kallon ɗigon haske a gilashi, suna nuna wa matuƙan jiragen bama-bamai hanya. Ɗigo ya bayyana, sai su ce a rediyo, "Ina ganinka," matuƙi ya san ba shi kaɗai ba ne. Da aka gina dutsen tunawa, sunayen matuƙa kawai aka rubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da ya zo Jidda, inda ko kabari ba a sa wa suna, sai ya sayi barrada, injin ruwan sanyi, ya kafa a ƙofar gidanmu a unguwar Karantina, sadaka ga abokansa biyar da suka rasu. Da ƙusa ya kankara sunayensu a jikinta. Duk wanda ya sha, ya yi musu addu'a.

Sai aka rushe Karantina. Ina fama da kwashe kaya, barrada ta bi masu gwangwan. Har yau haushin kaina nake ji.

Yanzu muna unguwar Ruwais, idon Baba ya tafi, tunaninsa ma ya fara bin sahu. Tsoronsa ɗaya: sunayen nan su zube masa, ba inda zai duba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya ce, "Juwairiyya, yalla, kai ni gida."

"Baba, khalas, ya ƙare, ba gida. Fili ne."

"Ke dai ja mota."

Na kai shi Karantina. Ni mai ido na rasa gabas, don ba masallaci, ba lungu, sai ƙasa. Shi ko ya dafa kafaɗata, ya juya fuska ga iskar teku.

"Dama kaɗan. Miƙe. Kin karkace, dawo hagu. Tsaya nan."

Ko nan ne, ko ba nan ba ne, Allah masani. Ban yi musu ba. Ya tsuguna, na miƙa masa wani fasasshen kwano da na tsinta, ya zuba wa tattabarun da ke kiwo a filin ruwan gorarsa.

"Usuman," ya ce, "ina ganinka. Nasir, ina ganinka. Abdulkahar. Zaharaddeen. Mohannad, sarkin barci, ina ganinka."

Sai ya hau lissafi da yatsu.

"Mu shida ne. Biyar na kira. Ɗaya ya ɓace mini, Juwairiyya. Wa na bari a sama?"

Kewar mutumin da ya haife ni ta kama ni, ga shi kuwa a gabana. Na durƙusa na riƙe yatsan da ya rage.

"Dabo," na ce. "Ina ganinka."