Koren Maɓallin Yaya

Yaya ce ta yi wa Auta hanyar aiki a kamfanin nan. Ita ta goya shi, ita ta kai shi makaranta, har ya yi gemu ya san kwamfuta ciki da bai. Ita kuwa aikinta kwashe lissafin da rassa ke aikowa ta zuba a manhajar tsara kasafi, ɗaya bayan ɗaya, tabarau a kan hanci.

Wata rana Manaja ya kira shi. "Sabuwar manhajarmu a intanet take zaune. Rubuta mana umarnin da zai haɗa ta da rassa, lissafi ya riƙa shiga da kansa."

Auta ya rubuta, abu ya yi kyau, ko tuntuɓe babu. Sai da ya ɗaga kai ya hango ƙeyar Yaya, sannan ya gane. Ashe abin da ya rubuta ya cinye aikinta tas.

To, ku ji dabarar da ya yi. Ya ƙara wani koren maɓalli a kwamfutarta, ya ce wa Manaja rahoto ba ya fita sai mutum ya duba ya danna. Maɓallin nan ba a haɗe yake da komai ba. Ƙara kawai yake yi, ƙililin, ya rubuta "An gama".

Yaya ta riƙe abin hannu bibbiyu. Kafin masu shara su zo ta iso, ta duba, ta yi bisimilla, ta danna. A gida kuma ta cika baki: "Ni ce makullin ofishin nan. In ban danna ba, Manaja sai kallon silin." Yara su yi dariya, Auta ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Ran da haƙori ya kayar da ita, ba ta iso ba sai bayan azahar, kunci a kumbure, auduga a baki. Ta faɗa ofishin Manaja tana ba da haƙuri.

"Haƙurin me? Rahoto ya zo tun safe, kamar kullum."

Ta koma teburinta. Ga maɓalli nan kore shar, ba wanda ya taɓa shi.

A ƙafar bene ta tare Auta.

"Kai, mai gemun banza. Me nake dannawa?"

"Yaya, wato, tsarin ne..."

"Dube ni. Me nake dannawa?"

"Ba komai."

Ta gyara audugar da harshe. "Har addu'a nake yi masa. Har maƙwabta na gaya wa. Ka ba ni abin wasa kamar yarinya mai rigima."

"Tsoro na ji kada su sallame ki."

"Da ka faɗa min, da na nemi wani abin tun da sauran mutuncina. Je ka cire shi."

"In na cire..."

"Na san abin da zai biyo baya. Ni zan gaya wa Manaja ba a bukatata, zan ce ni na roƙe ka ka saka. Kai kame bakinka. Gida ɗaya ba zai rasa aiki biyu ba."

Auta ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya koma kujerarsa ya buɗe umarnin don cire maɓallin. Ta gilashi yana ganinta tana ƙwanƙwasa ƙofar Manaja, ɗayan hannun dafe da kunci.