Gadarmu da Numfashin Datuk

Maƙwabtanmu mutanen Paya Keladan sun yi sa'a, Allah ya ɗauke musu ɗan majalisarsu ana tsakiyar zango. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma bai taɓa yi musu aiki yana raye kamar wanda ya yi musu da ya mutu ba. Sati biyu aka yi ana yaƙin zaɓen cike gurbi, a sati biyun nan aka shimfiɗa musu kwalta har bakin akurkin kaji. Fitilun titi, keken ɗinki, tabarau kyauta ga tsofaffi. Da idona na ga minista sukutum ya naɗe hannun riga yana wanke kwanuka a gidan biki, masu ɗaukar hoto sun fi kwanukan yawa. Har gada aka yi musu, su da ba su da kogi sai wani lambatu da akuya ke tsallakewa.

Mu a Lubuk Sendayan kogi gare mu na gaske, kuma shekara goma sha tara ana yi mana alkawarin gada. Ɗan majalisarmu, Datuk Baharom, shekararsa saba'in da takwas, garau yake kamar ingarma. Ko mura ba ta san gidansa ba.

Ni Selamah, mai rumfar shayi a bakin kogi inda ake hawa kwalekwale, gadar nan ba maganar siyasa ba ce a wurina. Maigidana Jusoh wankin ƙoda ake yi masa a babban asibitin gari, Litinin da Laraba da Asabar. Sai mun hau kwalekwalen Dollah mun haye kafin mu sami mota. In damina ta sauka kogin ya cika ya tumbatsa, kwalekwale ba ya hawa, wani lokaci har kwana huɗu. Bara da kyar muka sha, likita ya ce in aka sake haka bana kada mu zarge shi.

Shi ya sa duk walimar da Datuk ya zo, ni ce mai zuba masa abinci. Ban taɓa yi masa mugun nufi ba, Allah shaida. Amma in tsoho ya ce a ƙara masa naman da aka dafa da madarar kwakwa, ni ce zan hana shi? Ludayi uku nake zubawa, in ɗora masa kitse a kai. Ya share kwano tas, ya yi gyatsa, ya sa mini albarka.

Ranar wata Lahadi ya yanke jiki ya faɗi a wurin bikin duriyan, ɗan itacen nan namu mai ƙaya a baya da zaƙi a ciki, da ɓarensa a hannu. Kafin azahar labari ya iso rumfata: yana asibiti, bai san inda kansa yake ba, na'ura ce ke numfasa masa. Kowa ya ce inna lillahi, kowa ya sunkuyar da kai. Ban taɓa sayar da shayi kamar na ranar ba.

Bayan la'asar aka taru a masallaci don karanta masa Yasin. Liman, wanda gonarsa ta kwakwar manja take hayin kogi, ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Allah, ka zaɓa wa bawanka Baharom abin da ya fi zama alheri gare shi, da kuma gare mu." Amin ɗin da aka amsa sai da kwanon rufi ya girgiza. Dollah mai kwalekwale kaɗai ya tsaya bayan an watse yana roƙa masa lafiya da tsawon rai, har da hawaye.

"Munafuki," na ce masa washegari. "Sana'arka kake wa kuka."

"To, Yaya Selamah, ke kuma ludayinki uku fa? Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Kwana biyu ba a yi ba sai ga manyan motoci a hayi. Aka sauke ginshiƙan siminti guda shida, aka kafa allo mai hoton gada, gadar ma har da furanni. Masu awo suka zo da hular kwano suna leƙa kogi ta cikin na'ura kamar yau aka haife shi. 'Yan adawa su ma suka kama gidan haya suka fara raba shinkafa. Mutumin bai mutu ba tukuna, amma har an fara cin gadonsa.

Sai malamin makarantarmu ya zuba mana ruwan sanyi. Ya ce doka ta ce in kujera ta faɗi alhali saura ƙasa da shekara biyu wa'adin majalisa ya ƙare, ba a yin zaɓen cike gurbi, sai a bar ta haka nan. Ya lissafa da yatsu: ranar sha biyar ga wata ƙofar za ta rufe. Saura kwana tara. Ya ƙara da cewa jam'iyyar Datuk na tsoron faɗuwa, don haka ginshiƙan nan na ko-ta-kwana ne kawai, abin da suke so shi ne tsohon ya kai sha shida.

Daga nan gari ya koma kallon kalanda. Da safe kafin a ce ina kwana sai a ce, "Ya mai jiki?" In aka ce yana nan, sai a ce alhamdulillahi da muryar wanda aka taka wa ƙafa.

Ranar Laraba, saura kwana biyar, na kai Jusoh wanki. Wata ma'aikaciya 'yar garinmu ta raɗa mini cewa likitoci sun riga sun gaya wa iyalin babu sauran abin yi, magana tana hannun matarsa, Datin Halijah. In ta ce a cire, a cire. Na gaya wa Jusoh zan hau sama in yi dubiya.

Ya kalle ni daga kan gado, jininsa na zagaya cikin roba. "Dubiya ko? Allah ya tsare Datin da bakinki."

Na hau da jawabina a shirye. Zan ce mata azabtar da bawan Allah ake yi, zan ce rai na Allah ne ba na jam'iyya ba. Duk gaskiya ne kuwa. A bakin ƙofa wasu ƙarti biyu na jam'iyya suna gadi, suna cin lemon da aka kawo wa maras lafiya. Na ce ni ce mai dafa masa nama, suka matsa.

Datin da na sani mai zinariya har gwiwar hannu ce. Wadda na tarar wata 'yar tsohuwa ce da zanen gida, ta ɗora ƙafar mijinta a cinya tana shafa masa man kwakwa tsakanin yatsu. Haka nake wa Jusoh kullum, har yadda take murza diddige.

"Selamah ce? Zauna," ta ce. "Kullum yana zancen namanki."

Na zauna. Ta ci gaba da shafa man tana magana.

"Na ji naki ma yana ƙasa a kan na'ura. Ke za ki gane. 'Yan jam'iyya suna cewa in jira, 'ya'yana suna cewa in sake shi, kowa da abin da yake nema. Ni dai ƙafar nan da ɗuminta. Shekara hamsin da ɗaya muna tare." Ta ɗago ta dube ni. "Don Allah ƙanwata, da naki ne, ya za ki yi?"

Ga gada an miƙo mini a tafin hannu, kalma ɗaya ta rage. Wallahi na buɗe baki don in faɗe ta. Abin da ya fito shi ne, "Hajiya, da nawa ne, ko minti ɗaya ba zan rage masa ba."

Ta riƙe hannuna da hannunta mai maiƙo tana godiya. Na sauko bene ina zagin kaina tun daga hawa na huɗu har ƙasa.

Datuk Baharom ya cika ranar sha shida da hantsi. Jam'iyya ta fitar da sanarwa cewa ya yi jinya cikin haƙuri da biyayya. An yi jana'iza ta gani ta faɗa, ministoci uku suka zo, ba wanda ya wanke ko cokali. Kafin sadakar bakwai motocin nan suka dawo suka kwashe ginshiƙansu, an ce wani ɗan majalisa a arewa ya kwanta. 'Yan adawa suka tattara ragowar shinkafa. Allon kawai aka bar mana, Dollah yana shanya komarsa ta kamun kifi a kai.

Ruwa ya sauka farkon watan Nuwamba. Yau kwana uku kwalekwale yana ɗaure a gindin kwakwa, kogi ja wur, yana tafe da itatuwa. Asabar ta wuce mu, ga Litinin tana wucewa. An ce za a turo jirgin 'yan kwana-kwana, an ce yana wata mazaɓa. Ƙafafun Jusoh sun kumbura, silifas ya daina shiga, numfashi sai yana zaune. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Ɗazu na fito da shi baranda ina shafa masa mai, sai ya ce, "Wai ni Selamah, ranar nan me kika ce wa Datin?"

Na yi niyyar in ce ban same ta ba. Sai na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara talatin kina zuba mini masifa, ranar da masifar za ta yi amfani sai kika zama waliyyiya."

"Ka yafe mini, Malam."

"Ke tafi can. Da kin ce mata ta cire, da wa zan yarda ya tsaya a kaina?" Ya miƙo mini ƙafar hagu. "Wannan ba ki taɓa ta ba."