Mobilet ɗin Abdulbaƙi

Ran da Aina'u ta bugo waya daga Damagaram, Malam Labaran yana tsugune a tsakar gidansa a Challawa yana barbaɗa wa fatar akuya gishiri. Ta gaishe shi, ta tambayi matarsa Inna Kulu da mutanen gida, sannan ta ce nan da mako uku za ta kawo mahaifinta Kano a cire masa yanar ido. Kuma Baba ya ce a gaya masa ya fito da ajiyarsa, don idan ido ya buɗe da ita zai koma gida, ya riƙa zuwa lambu.

Labaran ya ce to, ajiya tana nan lafiya ƙalau. Da zuciya ɗaya ya faɗa.

Shekara ashirin da biyu suka yi shi da mahaifinta, Abdulbaƙi, a wani kamfanin jima da ke bakin titi, ɗaya yana loda fatu a cikin manyan gangunan nan masu juyawa, ɗaya yana sauke su. Abdulbaƙi Badamagare ne mai bakin tsiya, kullum cikin tsokanar Kanawa yake, kuma duk abin da ya mallaka a duniya da ake iya nunawa shi ne wani ƙaramin babur shuɗi mai feda irin ta keke, wanda ake kira mobilet. Daga can ƙasarsu ya zo da shi. Ba ya shan fetur zalla, sai an haɗa masa da baƙin mai, kuma kukansa kamar na ƙudan zuma da aka rufe a gwangwani. Da kamfani ya sallami ma'aikata, a makon ne kuma aka aiko wa Abdulbaƙi cewa tsohuwarsa ba lafiya. Ya turo babur ɗin har zauren Labaran, ya ce ga amana nan, bayan damina zai dawo. Damina goma sha ɗaya ke nan.

Labaran bai yi wasa da amanar ba. Ya duba gidansa kaf, ya zaɓi ɗakin da ya fi yarda da shi, wato ɗakin da yake tara fatu da buhunan gishiri, don bayan sallama da wannan 'yar sana'a ya riƙe gida. A iya saninsa babu abin da ke hana lalacewa kamar gishiri. Ya ga fatar da za ta yi ɗoyi a kwana ɗaya ta yi wata shida garau saboda shi. Sai ya tsiyaye man da ke tankin don tsoron gobara, ya bar murfin a kwance don ciki ya sha iska, ya lulluɓe babur da tabarma biyu, ya hana kowa taɓawa. Shi kansa bai ƙara ɗaga tabarmar ba, don a ganinsa yawan leƙa kayan mutum ma wani nau'in cin amana ne.

Da ya ajiye wayar ya wanke hannu, ya je ya yaye tabarma.

Ya sunkuya ya duba. Shuɗin yana nan a wasu wurare, amma sarƙa ta zama ja kamar an tsoma ta a miyar manja. Zanzaro ya yi gini a bakin salansa, ɗaki uku a jere. Ya zura yatsa a tanki, ya fito da shi da jar ƙasa mai ɓarɓashi. Ya girgiza babur ɗin, ya ji abu yana zuba a ciki kamar tsaba.

Kulu ta leƙo ta bayansa. Ta ce ai ita ta san za a yi haka, ko cokali ta manta a ɗakin nan kwana biyu sai ta same shi da tsatsa. Ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce ya taɓa tambayarta?

Washegari ya ɗora babur a a-daidaita-sahu zuwa Sharaɗa, wurin Musbahu bakanike, ɗan wani tsohon abokin aikinsu. Musbahu ya zagaya shi sau biyu yana dariya, ya kira maƙwabtansa su zo su ga kakan babura. Amma da ya taka feda ya ji injin bai kafe ba, sai dariyar ta ragu. Ya ce sarƙa da taya da fulogi duk ana samu ko a yi dabara, kafireto zai wanke. Tanki ne matsala. Duk man da aka zuba a nan zai kwashi tsatsa ya toshe komai kafin a kai bakin titi.

"Baba, ku bar ni in nemo muku wani tankin a wurin 'yan gwangwan. In fesa masa shuɗi. Mutumin da ido bai gama buɗewa ba, ina zai gane?"

"Wannan ya ba ni," in ji Labaran. "Kwance mini shi."

Ya koma gida da tanki a cinya.

Abin da ya sani game da tsatsa a wurin dukawa ya koya, masu haɗa baƙin rini da guntayen ƙarfe. Ya san tsami yana cin ta. Ya jiƙa tsamiya kwano biyu a ruwan zafi, ya tace, ya toshe ƙasan tanki da tsinken itace da leda, ya ɗura har wuya. Kwana biyu ya bari. Ruwan da ya fito, launinsa ya ba shi mamaki, ba ja ba ne, ba baƙi ba, wani kore-kore ne mai duhu kamar na kududdufin bayan kamfani, har ya tara kaɗan a kwalba ya ajiye a taga yana kallo. Amma da ya haska ciki da fitilar waya, ɓawon tsatsar yana nan manne, ya yi laushi kawai.

Ya zuba ƙusoshi da notina cikin tanki ya kama girgizawa. Kafin la'asar kafaɗunsa sun ƙi ɗaguwa. A nan gangunan kamfani suka faɗo masa a rai, yadda suke juya fata awa shida ba gajiya har gashi ya saki. Ya je kamfanin da ke kusa, wanda har yanzu yake ɗan motsi, mai gadi ya ce yau kwana huɗu ba su tayar da ganga ba, babu wuta, kuma ko da akwai ba za a saka ƙarfe a ciki ba.

To, ganga dai abu ce mai juyawa. Labaran yana da wani shuɗin duro na roba da yake tara ruwa. Ya zubar da ruwan, ya naɗe tanki da tsofaffin buhuna da wata yagaggiyar katifa, ya cusa a duro ya danne har ba ya motsi, ya rufe ya ɗaure da igiya. Da hantsi ya fito da shi ƙofar gida, ya kwantar, ya fara mirginawa.

Daga gidansa zuwa inda manyan motoci suke juyawa ya yi tafiyar rabin awa ga mai tura duro. Ƙusoshin suna kuka a ciki, caka-caka, caka-caka, kamar ana casar gero a cikin tulu. Ma'aikatan da suka tashi daga aikin dare suka riƙa tsayawa suna kallo. Mai shayi ya tambaya ko aljani ya kama. Wani direban tirela ya danna masa oda, ya leƙo ya ce Baba a ba shi lambar motar. Labaran ya ci gaba da turinsa. Yana tafe a sunkuye yana saurare, don ya lura kukan yana canzawa: ran farko a dushe yake, ran na uku ya fara ƙara, ran na biyar sai ya ji ƙarfe yana dukan ƙarfe tsantsa. Kullum in ya dawo zai kwance, ya zazzage jan gari a kan takarda, ya sake ɗura sabon ruwan tsamiya ya kwana, da safe ya mayar da ƙusoshi. Kulu ta ce tsamiyar kununta ta wata guda ta ƙare a cikin babur. Ta faɗa, amma ita ce take dafa masa ruwan.

Ran na shida ya ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, kamar yadda ake yi wa fata, ya bi da kananzir, ya kifa a rana. Cikin tankin ya yi fari-fari kamar sabuwar tukunya. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya kafa ido a bakin, yana so ya more kallon aikinsa.

Sai ya ga taurari.

Ƙananan ɗigo na haske a cikin duhun tankin, nan ɗaya, can biyu, wasu uku a jere kusa da gindi. Ya ɗan jima yana kallonsu don kyansu kafin hankalinsa ya gaya masa mene ne. Huda ne. Tsatsar da ya kwana shida yana kora ita ce ta toshe su. Ya ƙirga, tara. Saura kwana takwas baƙi su iso.

Ya zauna a ƙasa. Kulu ta kawo masa ruwa, ta ce maganar Musbahu fa? Ya sha ruwan, ya ce ta miƙo masa alli. Ya sake ɗaga tankin, duk inda haske ya shigo ya laluba da yatsa ta waje ya zagaye da alli.

Masu walda biyu suka ƙi taɓawa, suka ce ƙarfen ya yi siriri, wuta na taɓa shi zai ɓurme. Na biyun ne ya ce ya nemi Ado mai gyaran lagireto a Bompai, inda tireloli suke kwana, shi da dalma yake aiki. Labaran ya ratsa gari da tanki a buhu. Ado ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce zai yi, amma zai fito da ƙuraje kamar mai ƙyanda, kuma ba ya rantsuwa a kan tsohon ƙarfe. Labaran ya ce ƙuraje ba komai. Ya zauna a kan wata taya yini guda yana kallon dalma tana narkewa tana bin huda kamar tana neman gida. Da aka gama suka toshe baki, suka nutsa tankin a bahon ruwa, Ado ya hura ta tiyo. Kumfa ta fito ta wuri ɗaya da alli bai gani ba. Aka cike na goma.

Musbahu ya haɗa komai ana jibi za su zo. Ya so ya goge ƙurajen ya shafe da fenti, Labaran ya hana.

Sai da aka yi aikin ido da kwana biyu Aina'u ta kawo mahaifinta Challawa. Abdulbaƙi ya rame, gemu ya yi fari fat, ido ɗaya a rufe da auduga. Bakin ne kawai bai tsufa ba. Tun daga zaure ya fara cewa Kano har yanzu warin fata take yi. Aka gaisa, aka yi wa juna gaisuwar waɗanda suka rasu, aka ci abinci. Sannan Labaran ya turo babur tsakar gida, ya kafe shi a kan ƙafarsa, ya ce kafin a tayar akwai magana.

Ya faɗa masa duka, bai rage ba: ɗakin, da man da ya tsiyaye, da murfin da ya bari a kwance.

Abdulbaƙi ya miƙa hannu ƙarƙashin tanki yana shafawa, leɓɓansa suna motsi.

"Goma."

"Goma ne."

"Bakano, babur na ba ka ko fatar tunkiya?"

Aina'u ta rufe baki da mayafi. Labaran ya ce laifinsa ne, ba shi da ta cewa.

Abdulbaƙi ya ce shi zai tayar da abinsa. Aina'u ta ce likita ya hana shi sunkuyo da wahala, ya ce likita bai ambaci feda ba. Suka riƙe masa babur, ita ta wannan gefe Labaran ta wancan, ya hau ya fara takawa. Tayar baya ta juya a iska. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake takawa yana haki. A karo na uku ya kama, siririn kuka mai kaɗawa, hayaƙi shuɗi ya cika tsakar gida, kajin Kulu suka watse.

Bai yi murna ba tukuna. Ya sauko, ya ciro farin hankici daga aljihu, ya ba Aina'u ya ce ta shimfiɗa a ƙasa daidai gindin tanki, a ga ko mai zai ɗiga. Ya ce a ba shi kujera. Suka zauna su biyu, tsofaffi, suna kallon ƙyalle, injin yana ta kaɗawa. Kulu ta idar da sallar la'asar ta fito ta same su a haka. 

Can Abdulbaƙi ya ce a miƙo masa. Ya kai hankicin kusa da idonsa mai gani, ya juya shi, ya kai hanci.

Labaran ya ce, "Ka faɗa su ji."

"Sai na faɗa?"

"Sai ka faɗa."

Abdulbaƙi ya ninke hankicin ya mayar aljihu. Ya juya wajen matan.

"Ku shaida, na karɓi ajiyata."

Labaran ya ce alhamdu lillahi. Ya yunƙura zai tashi ya kashe injin, ƙugunsa ya ƙi, sai ya koma ya zauna. Abdulbaƙi ya ce ya bar shi ma, bai gama ji ba.